"Ban gan shi ba": haƙƙin wanda babbar mota ta kaɗe da yadda ake neman sa

Akwai wata magana da kusan kowa a cikinmu ya taɓa ji a bakin titi bayan haɗari. Direban gingimari ya sauko jikinsa na rawa, ya ɗora hannu a ka ya ce: "Wallahi ban gan shi ba." Sai wani daga cikin ƴan kallo ya ce ai shi ya shiga ƙarƙashin motar. Sai dattawa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Mai mota ya aiko da ɗan abin gaisuwa, a yi addu'ar uku, a yi ta bakwai, magana ta mutu. Bayan wata shida matar mamaci na tuyar ƙosai don ta ciyar da yara biyar, ko kuma saurayin da aka yanke wa ƙafa na zaune a zaure ba noma ba kasuwa.

Sau da yawa direban gaskiya ya faɗa, bai gani ba. Amma a dokar da ke aiki a Nijar, wannan magana ba ta rufe ƙofar diyya. Abin da ke rufe ta shi ne rashin sani da rashin takardu. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware muku zancen daki-daki.

Me ya sa direba ba ya gani?

Babbar mota tana da wuraren da direba ba ya hangowa, ko ta gilashin gaba ko ta madubi. Da Faransanci ana ce musu angle mort, mu kuma mu ce makafin wurare. Guda huɗu ne. Na farko gaban motar daf da hancinta: direba yana zaune can sama, yaro ko mai talla da ya gitta kusa da bamba ba ya shiga idonsa. Na biyu bayan motar, inda lodi ya tare komai. Na uku gefen hagu, daga ƙofar direba zuwa baya kaɗan. Na huɗu, wanda ya fi kowane faɗi kuma ya fi cin rai, shi ne gefen dama. A ƙasarmu ana tuƙi ta hannun dama, direba yana zaune ta hagu, to abin da ke tafe ta damarsa ya yi masa nisa.

Ga kuma wani abu. Idan tirela za ta karya dama, sai ta fara buɗewa hagu don ta samu fili. Ɗan kabu-kabu da ke bayanta sai ya ga hanya ta buɗe, ya kutsa ta dama. Da motar ta juyo, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwana ne ta ciki, sai su rutsa da shi.

Duk wanda ya san hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, ya san ta tsakiyar garuruwa da kasuwanni take ratsawa. Motocin albasa na Galmi, na siminti daga Malbaza, tankokin mai daga Damagaram, tirelolin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, duka suna raba titi ɗaya da amalanke, da babur, da yara ƴan makaranta. Ka'idar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce: in ba ka ganin fuskar direba a cikin madubinsa, to shi ma ba ya ganin ka.

Wace doka ce, kuma wa ke biya?

Nijar tana cikin ƙungiyar ƙasashe 14 na Afirka masu dokar inshora guda, wadda ake kira CIMA. An sa hannu kan yarjejeniyar a Yawunde ta Kamaru a 1992, kundin dokar kuma ya fara aiki a 1995. Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Kamaru, Togo, Senegal da Kodebuwa duk suna ciki. Sashe na 200 na kundin ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, har da tirelar da ake ja, ya yanki inshora, wato asirans, domin biyan ɓarnar da abin hawan zai yi wa wasu.

Ku lura da kyau a nan, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. In mota tana da asirans, ba direba ne zai biya daga aljihunsa ba. Kamfanin asirans ne, wanda ya riga ya karɓi kuɗin mai mota saboda irin wannan rana. Wanda ya ce ya yafe don tausayin direba talaka mai iyali, tausayinsa bai isa ga direba ba. Kamfani ya yafe wa.

Ko da an gano direban ba shi da permi mai kyau, dokar ba ta yarda kamfani ya fake da wannan ya hana wanda aka ji wa rauni haƙƙinsa ba. Zai biya tukuna, daga baya ya koma ya bi mai mota. In kuma motar gwamnati ce, gwamnati ke tsayawa a matsayin kamfanin asirans.

Mai tafiya a ƙasa daban, mai babur daban

Wannan shi ne zuciyar maganar. Sashe na 228 ya ce duk wanda ba shi ke tuƙa abin hawa mai inji ba, ana biyan sa raunin jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da nasa kuskuren ba. Mai tafiya a ƙasa, mai keke, mai amalanke, mai talla, fasinja, yaro, duka suna ciki. Ko da shi ne ya gitta ta gaban motar inda direba ba ya gani, haƙƙinsa yana nan. Abu ɗaya ne ke soke shi: a tabbatar da cewa da gangan ya nemi abin ya same shi. Amma game da dukiya, kamar amalanke, jaki ko buhunan da suka lalace, a nan ana iya duba kuskurensa a rage ko a hana.

Mai tuƙa babur kuwa direba ne a idon doka. Sashe na 227 ya ce kuskuren direba na iya rage diyyarsa ko ya soke ta gaba ɗaya. Ɗan kabu-kabu da ya yi ƙoƙarin wuce tirela ta hannun dama, za a lissafa masa wannan. Amma direban tirela shi ma ana tambayar nasa. Ya kunna sigina kafin ya karya? Madubinsa na dama yana nan ko ya karye tun tuni? Da zai yi baya, yaron mota ya sauka ya duba masa? Cewa wurin makaho ne ba ya wanke shi, don sanin makafin wurare yana cikin aikin mai tuƙa babbar mota. Idan kuma bincike ya kasa nuna wane ne da laifi a karon, dokar ta ce kowane direba rabin diyyarsa zai samu.

Misali, a ce ɗan kabu-kabu ya ɗauko wata mata ranar kasuwa, gingimari ta karyo dama ta kaɗe su biyun. Matar fasinja ce, ba ruwanta da wanda ya yi kuskure, haƙƙinta cikakke ne. Shi kuwa mai babur, abin da zai samu ya rataya ga abin da jami'ai suka rubuta game da inda babur ɗin yake da inda motar take. Haɗari ɗaya, hukunci biyu. Kuma kada ƴan kabu-kabu su manta, babur ma doka ta wajabta masa asirans.

Abin da za a yi a wurin haɗari

Rai ne gaba da komai. A kira ƴan kwana-kwana ta lamba 18, ƴan sanda ta lamba 17, a wajen gari kuma a sanar da jandarmomi mafi kusa. A kai mai rauni asibiti.

Sai na biyu: kada a taɓa direba, kada a taɓa mota. Mun san zafin zuciya, amma duka da ƙone mota laifi ne a kan wanda ya yi, kuma yana share shaidar da iyalin ke bukata. In taro ya ja babur gefe, aka tura motar gaba, to awon da jami'ai za su yi ya lalace. Yawancin direbobin da ke barin wuri su ruga jandarmari tsoron duka ne ke kora su.

Na uku: wanda ke da waya ya ɗauki hoto kafin a motsa komai. Lambar mota ta gaba da ta baya, don kan mota da tirela kowane da tasa lamba. Takardar asirans, a ga sunan kamfani da ranar ƙarewarta. Madubin dama. Inda tayoyi suka tsaya, da sawun birki in akwai. A kuma rubuta sunaye da lambobin waya na mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu. Motar da ta gudu ba wanda ya riƙe lambarta, babu kamfanin da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Na huɗu, kuma mafi nauyi: a bari jami'ai su yi konsta, su rubuta rahoton nan da ake ce wa PV. Wani lokaci mai mota ko wakilinsa zai ce a sasanta a nan, ba sai hukuma ta shigo ba, ga kuɗin magani. Jikka hamsin a ranar haɗari tana da girma a ido, amma ba ta kai kuɗin tiyata ɗaya ba. Ba PV, da wuya kamfani ya saurare ka. Doka ta ɗora wa jami'ai su aika wa kamfanin asirans kwafin PV cikin watanni 3, kai ma kana da damar neman kwafi daga kamfanin. Ka sa wanda ya iya Faransanci ya karanta maka bayaninka kafin ka sa hannu ko ka dangwala.

Takardun asibiti

Da yawa daga cikinmu in ƙashi ya karye wurin maɗori muke nufa. Ba mu raina aikin maɗora ba, amma maɗori ba ya ba da takardar da kamfani zai karɓa. Takardar likita ta farko, wadda ta bayyana raunukan a ranar da abin ya faru, ita ce ginshiƙin dukkan neman. Bayanta a adana komai cikin leda ɗaya: takardar magani, rasit na farmasi, hoton ƙashi, takardar kwanciya da ta sallama. Abin da ba shi da rasit, kamar ba a kashe shi ba ne.

Kamfani zai sa likitansa ya duba mai rauni ya ƙiyasta yawan naƙasar da ta rage masa. Dole a sanar da shi tun kafin ranar, kuma yana da damar zuwa da nasa likita, sai dai shi zai biya shi. Kada a yi gaggawar karɓar lissafin ƙarshe alhali rauni bai tsaya ba. Kafin nan ana iya ba da wani abu na wucin gadi.

Me ake biya?

Ga mai rauni: kuɗin magani, kwanakin da ya yi bai iya aiki ba in sun wuce 8, naƙasar da ta zauna masa, raɗaɗin da ya sha, da tabon da ya canza masa kama. In naƙasar ta yi tsanani, har da asarar abin da yake samu da kuɗin mai jinyarsa.

In an rasa rai: kuɗin jana'iza, abin da mamaci ke ciyar da iyalinsa da shi, da na raɗaɗin rashi. Masu haƙƙi su ne mata ko miji, ƴaƴa, iyaye, da ƴan'uwa na jini. Mai mata biyu ko uku, dukansu suna ciki.

Wani zai ce, ni manomi ne, ba ni da takardar albashi. Dokar ta san da kai. Wanda bai iya nuna shaidar abin da yake samu ba, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato SMIG. A Nijar ya tashi daga CFA 30,047 zuwa 42,000 a wata tun farkon 2024, wato 504,000 a shekara. Gaskiya ita ce kundin ya ɗora iyaka a kan kusan kowane kaso, saboda haka kada a sa rai da dukiya mai yawa. Babu kuɗin da ke maye rai. Amma abin da ke fitowa na iya riƙe yara a makaranta, ya ba uwa jari.

Inda iyalai da yawa ke tuntuɓe shi ne takardun gida. Kamfani zai nemi takardar mutuwa, takardar likita mai nuna sanadin mutuwar, hukuncin kotu mai nuna magada, takardun haihuwar yara, takardar aure, da shaidar cewa magadan suna raye. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a rubuta a mairi ba, ko yaron da ba shi da takardar haihuwa, sai an bi ta kotu an yi musu takardar maye gurbi. Ana yi, amma yana cin lokaci, don haka a fara da wuri.

Wa'adodin da ya kamata a riƙe

Ba alfarma kamfani ke yi ba. Doka ta ɗora masa ya gabatar da tayin diyya a rubuce cikin wa'adin da ta ƙayyade, ko rauni ne ko mutuwa. In ya yi jinkiri akwai tara a kansa. Sai dai in takardunka ba su cika ba, agogon na iya tsayawa, shi ya sa duk takardar da ka kai ka riƙe kwafi, ka sa a buga maka hatimi da kwanan wata.

In ka sa hannu kan tayi sannan ka gano bai bi doka ba, kana da kwana 15 ka warware ta hanyar wasiƙa mai rajista. Bayan waɗannan kwanaki kamfani na da wata 1 ya biya. Kason yara ƙanana ba a sasanta shi haka kawai, akwai ƙa'idar kariya da sai an bi, musamman ga marayu, inda alƙali ko majalisar dangi ke shigowa. In ba a daidaita ba har wa'adin tayi ya cika, ƙofar kotu a buɗe take. Amma duk neman yana mutuwa bayan shekara 5 daga ranar haɗari. Wanda abin ya same shi shekara biyu ko uku da suka wuce, kuma akwai PV, har yanzu bai makara ba.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin hukumar taimakon shari'a, ANAJJ, a manyan kotunan jihohi. In kamfani ne ke ta jan ƙafa, akwai ofishin da ke sa ido kan kamfanonin asirans a ma'aikatar kuɗi a Yamai, ana kai masa ƙorafi a rubuce.

A yi hattara da ƴan kamasho da ke zagaya asibitoci da gidajen makoki suna cewa a ba su takardar wakilci su karɓo kuɗi. Akwai na kirki, akwai kuma masu cinye rabi ko fiye. A rubuta ladan wakili tun farko, a kuma dage cewa cak ya fito da sunan mai haƙƙi.

Yafiya daban, haƙƙin marayu daban

Shari'ar direba a gaban mai gabatar da ƙara kan rauni ko kisa ba da niyya ba, hanya ɗaya ce. Neman diyya daga asirans wata hanya ce. Iyali na iya yafe wa direba tsakaninsu da Allah, su karɓi gaisuwarsa, ba tare da sun zubar da abin da doka ta ajiye wa yara ba. Abin gudu shi ne sa hannu kan takardar da ta ce an janye komai.

Akwai masu cewa ba sa cin kuɗin jini. Muna girmama wannan. Amma diyyar kisan kuskure sananniya ce a Musulunci, tana cikin suratun Nisa'i aya ta 92. Kafin baffa ko kawu ya ce mun yafe, ya je ya tambayi malami ko yana da ikon yafe abin da yake na marayu ne. Kuma a tambayi matar mamaci, don ita za ta kwana da yaran.

Ga ƴan'uwanmu na ƙetare

Ku da ke Abijan, Kwatano, Legas, Aljeriya, Libiya ko Faransa, in aka kira ku da irin wannan labari, kun saba aiko da kuɗin magani, Allah ya saka. To ku ƙara da tambaya huɗu: an yi PV? An riƙe lambar mota? Wane kamfani ne? Takardar likita tana ina? Ku sa a turo muku hotunan takardun ta WhatsApp, don leda na ɓata, gara na ci, ruwan sama na jiƙawa. In kuna cikin magada, takardar wakilci ta ofishin jakadancin Nijar za ta hana dosiye tsayawa saboda ku.

Ku kuma sani, wurin da haɗari ya faru shi ke nuna dokar da za a bi. Najeriya da Ghana ba sa cikin CIMA, saboda haka abin da ya faru a Jibiya ko Katsina dokar Najeriya ce ke kansa. Amma motar da ta shigo daga wata ƙasa ta yi ɓarna a Ɗan Isa ko Magarya, dokarmu ta nan ce za ta yi aiki. Sai a ɗauki hoton duk takardun asirans na ƙetare iyaka da direban ke ɗauke da su kafin motar ta bar gari.

Jama'a, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman ƴan kabu-kabu a tasha da mata masu talla a bakin titi. Ku kuma direbobi, ku gyara madubin dama, ku sa yaron mota ya sauka kafin ku yi baya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.